Belwot: abin da ya kamata ku sani game da furen da ke son inuwar bishiya

Duk mai manyan bishiyoyi a harabar gidansa ya san wannan matsala. Ciyawa ba ta kamawa a gindinsu, furannin da aka sayo da tsada kuma sai su yi ta miƙa wuya suna neman rana har su rame su mutu. A gabashin Amurka da Kanada, masu lambu sun daɗe da gane cewa maganin abin yana cikin dazuzzukan da ke kewaye da su, domin akwai tsirran da tun asali a gindin bishiya suke rayuwa. Belwot yana cikinsu. Ko kuna zaune a can kuna neman abin da za ku dasa, ko kuwa sha'awar sanin halin tsirrai kawai kuke yi, ga bayaninsa dalla-dalla.

Mene ne belwot?

Ƙaramin tsiro ne mara itace, wanda ba ya mutuwa da ƙarewar shekara. Idan sanyi ya shigo, karansa da ganyensa sukan bushe, amma gindinsa yana nan da rai a cikin ƙasa. Wannan gindi wata saiwa ce mai kauri da ke kwance, irin wadda citta ke yi, kuma a cikinta tsiron ke tara abincinsa. Da sanyi ya wuce sai ya sake tohowa daga wurin.

Furensa ruwan ɗorawa ne, yana da kunnuwa shida dogaye masu ɗan murɗewa, kuma kullum kansa a sunkuye yake yana duban ƙasa. Masana tsirrai suna kiran jinsin da suna Uvularia. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya sa masa wannan suna a shekarar 1753. A da ana lissafa shi cikin dangin furen lili, amma binciken baya-bayan nan ya mayar da shi dangin da ake kira Colchicaceae.

Iri nawa ne, wanne kuma ya fi dacewa da lambu?

Iri biyar ne kacal, dukkansu kuma 'yan asalin gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa ne.

Wanda aka fi shukawa shi ne mai babban fure, Uvularia grandiflora. Tsayinsa yakan kai santimita 30 zuwa 60, wani lokaci ya ɗara haka, furensa kuma santimita biyu da rabi zuwa biyar. Ana samunsa a daji tun daga Kebek da Ontariyo a Kanada har zuwa jihar Jojiya a kudu, ya kuma miƙa yamma zuwa jihohin Dakota da Oklahoma. Abin da zai fara jan idonku shi ne ganyensa: karan yana ratsa gindin ganyen ne ya fita ta ɗaya ɓarin, kamar yadda tsinke ke huda naman tsire. Idan kun juya ganyen za ku ga ɗan gashi mai laushi a bayansa. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, wadda aka fi sani da RHS, ta ba wannan iri lambar yabon da take ba tsirran da suka gwada ƙwazo a lambu.

Na biyu shi ne Uvularia perfoliata. Shi ma karansa yana huda ganye, amma ya fi na farkon ƙanƙanta, furensa bai kai wancan haske ba, bayan ganyensa sumul yake babu gashi, cikin furen kuma akwai 'yan ƙananan ƙuraje.

Na uku, Uvularia sessilifolia, gajere ne, da wuya ya wuce santimita 30. Ganyensa manne yake da kara ba tare da an huda shi ba, furensa kuma launin kara ne. Yana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ya fi dacewa idan kuna son rufe fili mai faɗi.

Sauran biyun ba a cika ganinsu a kasuwa ba. Uvularia puberula ya fi yawa a tsaunukan Afalaciya, Uvularia floridana kuwa a dazuzzuka masu dausayi na kudu maso gabashin Amurka yake. In yanzu za ku fara, ku ɗauki mai babban furen nan. Ya fi kyan gani, ya fi sauƙin samu, kuma yana zama a inda aka sa shi ba ya mamaye maƙwabtansa.

Ta yaya tsiro zai yi fure a cikin inuwa?

Amsar tana cikin yanayin shekarar waɗancan ƙasashe. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai tsanani, ƙasa ta daskare, dusar ƙanƙara ta rufe wurare da yawa. Daga Maris zuwa Mayu sanyin yana janyewa. Yuni zuwa Agusta zafi ne, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba bishiyoyi su kaɗe ganyensu.

Manyan bishiyoyin dajin, irin su mapul (wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada) da ok da bic, tsirara suke kwana duk tsawon sanyi, kuma ba sa gama sa sabon ganye sai wajen tsakiyar Mayu ko ƙarshensa. Ke nan akwai 'yan makonni da ƙasa ta fara ɗumi, rana kuma tana sauka har gindin bishiya babu abin da ya tare ta. Waɗannan makonni su ne damar belwot. Da abincin da ya ɓoye tun bara yake tasowa cikin sauri, ya buɗe fure a Afrilu ko Mayu, gwargwadon wurin. Furen yakan yi kamar mako biyu. Kafin bishiyoyi su rufe sama, ya riga ya gama babban aikinsa na shekara.

Da yawa daga furannin daji na wannan lokaci sukan ɓace ɗungum da zarar zafi ya shigo, su bar fili fayau. Belwot ba haka yake ba. Muddin ƙasa na da laima, ganyensa yana nan kore shar har lokacin kaɗewar ganye, yana amfani da ɗan hasken da ke ratsowa yana tara abincin baɗi. Wannan ne ya sa masu lambu ke ƙaunarsa.

Zai yi a ƙasar Hausa?

Gaskiyar magana, ba zai yi ba. Belwot yana jure sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, kuma sanyin wajibi ne a gare shi. Sai saiwarsa ta yi watanni a cikin ƙasa mai sanyi ƙalau sannan take farkawa ta toho da ƙarfi. Hunturun Kano ko Damagaram bai isa ba, domin ko a daren da aka fi jin jiki da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, da hantsi kuma ɗumi ya dawo. Ga zafin bazara da dogon rani a gaba, waɗanda za su ƙarasa shi. Don haka kada ku ɓata kuɗinku wajen aikowa da shi gida. Wanda zai more shi shi ne mazaunin wurare irin su Niyok, Meriland, Shikago, Minesota, Toronto, ko Ingila da sauran ƙasashen Turai masu sanyi.

Amma yana da ɗan uwa a dajinmu. Furen nan mai ja da ɗorawa da ke hawa kan shuke-shuke da damina, wanda ake kira gatarin kurege ko gudumar zomo, masana kuma suke ce masa Gloriosa superba, dangi ɗaya suke da belwot. Gatarin kurege ne furen ƙasa na Zimbabuwe.

Wane wuri yake so, wace irin ƙasa kuma?

Ƙa'ida ɗaya ce za ta yi muku jagora: ku mayar da wurin ya yi kama da gindin bishiya a daji.

Ta fuskar haske, inuwar bishiya mai kaɗe ganye ta fi komai, saboda tana ba shi rana a Afrilu da inuwa a Yuli. Gefen gida ta arewa ko ta gabas ma yana yi, inda zai sami ranar safe kawai. Ranar azahar a tsakiyar zafi tana ƙona ganyen. Ku guji gindin bishiyoyin da ba sa zubar da ganye, masu duhu duk shekara. Haka kuma mapul ɗin Norwe, wanda aka dasa da yawa a titunan Amurka, inuwarsa ta yi duhu, saiwoyinsa kuma suna kwance a sama-sama suna shanye ruwa.

Ta fuskar ƙasa, yana son mai laushi, baƙa, wadda ta sha ruɓaɓɓen ganye, mai riƙe laima amma ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ga gwaji mai sauƙi: ku haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi, ku cika shi da ruwa da yamma. In kun wayi gari ruwan yana nan, wurin zai ruɓar da saiwa. Idan ƙasar laka ce, ku cuɗa ta da taki na ruɓaɓɓen ganye mai yawa. Idan rairayi ce ma maganin ɗaya ne.

Sai batun tsamin ƙasa. Akwai ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ko ƙasa na da tsami ko babu. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, duk abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne. Mai babban fure yana son tsakanin 6 da 7, a daji ma an fi ganinsa inda ke da dutsen farar ƙasa. Gajeren irin nan mai yaɗo ya fi jure tsami. Ana sayar da kayan awon a shagunan kayan lambu.

Yaya ake dasa shi?

Lokaci biyu ne suka dace: farkon fitar sanyi kafin ya toho, ko Satumba zuwa Oktoba lokacin da ganyensa ya fara komawa rawaya. Za ku same shi ko dai a cikin tukunya da ƙasarsa, ko tsurar saiwa a leda. In tsurar saiwa ce, kada ku bari ta bushe, ku dasa ta a ranar da ta iso.

Ku haƙa rami mai faɗi, ba mai zurfi ba. Ku baza farfarun saiwoyin a kwance, idon da zai toho yana kallon sama, sannan ku rufe shi da ƙasa mai kaurin santimita uku zuwa biyar. Ku bar tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin gindi da gindi. Ku ba shi ruwa sosai, ku shimfiɗa busasshen ganye a kai. Idan kun ci karo da babbar saiwar bishiya, kada ku sare ta, ku matsa gefe ku nemi wani gurbi.

Gindi ɗaya tilo yakan ɓace wa ido. Uku ko biyar a wuri guda sun fi armashi. Ku kafa ɗan tsinke a kowane gurbi don kada ku taka shi ko ku tone shi lokacin da yake barci. Yana zama lafiya da sauran 'yan daji irin su triliyom mai kunnuwa uku, da cittar daji ta Kanada, da ire-iren tsiron fan masu ganye tsaga-tsaga.

Bayan shekara huɗu ko biyar, gindin zai yi kauri. Kuna iya tono shi, ku raba da wuƙa mai kaifi yadda kowane yanki zai sami ido da saiwa, ku mayar nan take. In ba ku da buƙatar ƙari, ku ƙyale shi, domin ba ya son yawan tashi.

Za a iya shuka shi daga iri?

Za a iya, amma sai mai haƙuri. Bayan fure ya faɗi, wani kwanso mai kusurwa uku yakan fito, ya nuna a ƙarshen lokacin zafi, ya tsage. A jikin kowace ƙwaya akwai 'yar tsoka mai maiƙo da tururuwa ke so. Sukan ɗauke ƙwayar zuwa raminsu, su cinye tsokar, su yar da irin a jujinsu, inda ƙasa ke da taki. Haka belwot ke yaɗuwa a daji. Saboda haka in kuna son iri, ku ɗaura ɗan ƙyalle mai raga a kan kwanson kafin ya tsage, in ba haka ba tururuwa za su riga ku.

Ku shuka irin yana ɗanye. In ya bushe, da wuya ya tsira. Yana buƙatar lokacin ɗumi da na sanyi su bi ta kansa, shi ya sa sau da yawa a shekarar farko saiwa kawai yake fitarwa a ɓoye, ganye sai shekara ta biyu. Mutane da yawa sukan zubar da tukunyar suna zaton irin ya mutu, alhali yana aiki a ƙasa. Fure kuwa sai bayan shekara uku zuwa biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce ku shuka a tukunya, ku binne ta a inuwa a waje, ku rufe bakinta da waya saboda ɓeraye da kurege, ku bar yanayi ya yi aikinsa.

Wace kulawa yake buƙata?

Kaɗan ce. A shekarar farko ku riƙa ba shi ruwa duk mako idan ba a yi ruwan sama ba. Bayan ya kama, sai lokacin fari kawai. Takin zamani ba dole ba ne, yawansa ma yana sa kara ya yi laushi ya kwanta.

Babbar kulawar ita ce ku daina share ganyen bishiya daga gindinsa. A unguwannin Amurka an saba tattara ganye a buhu a fitar bakin titi, alhali wannan ganye shi ne takin belwot, shi ne kuma rufinsa daga sanyi. In ganyen ok ne mai kauri, ku daddatsa shi kafin ku shimfiɗa don kada ya manne ya hana tsiro fitowa.

Wani abu kuma da ke ruɗa sabon shiga: lokacin da belwot ke fure, karansa a lanƙwashe yake, ganyensa a langaɓe, sai ku rantse ƙishi yake ji. Halittarsa ce haka. Da furen ya wuce zai miƙe, ganyen ya buɗe. Ku sa yatsa a ƙasa tukuna, in da laima kada ku ƙara ruwa.

Me ke yi masa ɓarna?

Babbar abokiyar gabarsa ita ce barewar Amurka mai farar wutsiya, wadda ta yi yawa har tana shiga unguwanni. Tana son ɗanyen tohonsa ƙwarai, kuma idan ta cinye shi shekara bayan shekara saiwar takan ƙare. A dazuzzukan da barewa ta yi yawa, belwot yana raguwa. Maganin da ya fi tabbas shi ne shingen waya. In za a kewaye lambu duka, sai ya kai kusan mita biyu da rabi saboda tsallenta, amma ƙaramin keji a kan kowane gungu ma yana wadatarwa.

Dodon koɗi mara kwanso yakan ci sabon toho da daddare, ana iya tsince shi da fitila. Sai kuma tana. Wannan zai ba ku mamaki, tunda mun saba jin cewa tana gyara ƙasa. Amma dazuzzukan arewacin Amurka sun yi dubban shekaru babu ita, tun bayan da ƙanƙara ta rufe yankin. Wadda aka shigo da ita daga Turai da Asiya tana cinye shimfiɗar ganye da sauri, ta bar ƙasa tsirara. Ku duba ƙasar duk tukunyar da kuka sayo, kada kuma ku zubar da ragowar tanar kamun kifi a daji. Akwai kuma wata ciyawa 'yar Turai mai warin tafarnuwa, Alliaria petiolata, da ke mamaye gindin bishiya. Ku tuge ta kafin ta zubar da iri.

Wa ke amfana da shi?

Ƙudan zuman daji ne a gaba. Lokacin da belwot ke fure, abinci yana ƙaranci. Sarauniyar manyan ƙudan zuma masu gashi a jiki tana fitowa daga barcin sanyi da yunwa, ita kaɗai za ta kafa sabon gida, kuma ruwan zaƙin wannan fure yana cikin abin da take samu da wuri. Akwai ma wani ƙaramin ƙudan zuma mai gina rami a ƙasa, Andrena uvulariae, wanda garin furen belwot yake tara wa 'ya'yansa. Inda babu tsiron, shi ma babu shi. Don haka kada ku yi feshin maganin ƙwari a kusa.

Ana cinsa, ko ana magani da shi?

Mutanen asalin yankin sun yi amfani da saiwarsa. An rubuta cewa ƙabilar Potawatomi na jiƙa ta don ciwon baya, suna kuma haɗa ta da kitse su shafa wa tsokar da ke ciwo, Menomini kuwa don kumburi. Turawan da suka zo daga baya sun ɗauka yana maganin ciwon maƙogwaro, don kawai furen yana rataye kamar belu, wanda daga sunansa na Latin aka samo Uvularia. Kama da juna ba hujjar magani ba ce. Ku kuma tuna cewa danginsa na da masu guba: gatarin kurege yana ɗauke da sinadarin kolcisin, wanda ke iya kisa. Ku ɗauki belwot a matsayin abin ado, ku hana yara sa shi a baki.

Nawa zai ci muku?

Tukunya ɗaya ta belwot ta fi ta furannin shekara ɗaya tsada, saboda mai rainonsa ya yi shekaru yana jira. Amma sau ɗaya za ku saya. Gindi ɗaya yana iya yin gomman shekaru, kuma duk bayan 'yan shekaru zai ba ku na rabawa. Ƙungiyoyin masu kare tsirran gida da lambunan gwamnati sukan yi kasuwar dashe a Afrilu da Mayu, inda farashi ke da sauƙi. Sauran kuɗin na waya ne, in kuna da barewa. Taki kuwa bishiyarku za ta ba ku kyauta.

Ku yi hattara da arha mai yawa. Idan kun ga tulin saiwoyi ana sayarwa da ɗan kuɗi kaɗan, mai yiwuwa daga daji aka tono su, kuma gurbin da aka kwashe yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo, tunda tururuwa ba sa kai iri nesa. Ku tambayi mai sayarwa kai tsaye: daga iri ko rabon gindi ya raine shi, ko tono shi aka yi? Ku ma kada ku tono da kanku. A gandun dajin gwamnatin tarayyar Amurka da aka keɓe don kariya, cire tsiro laifi ne, a filin wani kuma sai da izininsa.

Abin da zai fi ci muku shi ne lokaci. A shekarar farko kara ɗaya ko biyu za ku gani, wataƙila ma babu fure. A ta biyu zai ɗan ƙaru. Daga ta uku ne zai fara zama gungu. Kafin ku yanke hukuncin cewa bai yi ba, ku duba abu uku: ko wurin na samun rana a Afrilu, ko ƙasar na da laima a Agusta, ko kuma wani abu na cinye shi da daddare. In ukun nan sun daidaita, ku bar shi a inda yake, ku ƙara masa shekara.